Kafin Ka Kama Ƙarfe, Nemi Sikeli

Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar doya ta Gwada lokacin kaka ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan ƙarfin ɗan Adam. Motoci a jere, ana lodin doya ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari cif, samari na kai-kawo tsakanin tsibi da bayan mota tun hantsi har rana ta yi sanyi. Ga matan Gbagyi, waɗanda Bahaushe ke kira Gwarawa, sun shigo daga ƙauyuka da kaya a kafaɗa, domin a al'adarsu kai sarkin jiki ne, ba a ɗora masa kaya. Garin nan na ƙaramar hukumar Shiroro, a kan hanyar Minna zuwa Kuta, wanda layin dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911 ya ratsa, ya daɗe da sanin nauyi.

To a gari irin wannan, ranar da saurayi ya ce shi zai fara ɗaga ƙarfe, abin da zai fara samu daga bakin dattijo shi ne dariya. "Kai yaro, in ƙarfi ne ya yi maka yawa, ga garma can a jingine, gonar ma ba ta ƙi ba." Yaron zai sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai wannan daban ne." In aka ce ya faɗi bambancin sai ya kama inda-inda. Ni kuwa a ganina duk wanda bai iya amsa wa dattijon nan ba bai shirya kama ƙarfe ba, domin a cikin amsar karatun duka yake.

Ɗan dako ba shi ke zaɓar nauyinsa ba, mai kaya ne. Ba shi ke cewa ya isa ba, sai mota ta cika. In bayansa ya riƙe yau, gobe ma zai fito, tunda cefane ba ya jira. Sannan nauyin ba ya canzawa: buhun siminti kilo 50 ne bana, kilo 50 ne baɗi. Jiki kan yi ƙarfi daidai abin da ake nema a wurinsa, daga nan ya tsaya, abin da ke biyo baya sai ci da zaizaya, kamar igiyar guga a bakin rijiya. Shi ya sa za ka ga ƙato yana shekara 25, ka dawo ka same shi a 50 sai ya dafa kwankwaso yake miƙewa. Wani bincike da aka yi a kan mutum sama da dubu ɗari a birnin Kwafanhagan na ƙasar Denmak, aka wallafa a 2021, ya nuna motsa jikin da mutum ke yi don kansa yana tafiya tare da raguwar ciwon zuciya da mutuwar wuri, amma aikin ƙarfi na neman abinci bai ba da wannan kariyar ba, hasali ma haɗarin ƙaruwa ya yi. Manomin doya ba sai an kai shi Turai zai yarda da wannan ba.

Mai horar da jiki da ƙarfe ya fi ɗan dako da abu uku: shi ke zaɓar nauyin, shi ke ƙara shi kaɗan-kaɗan, shi ke ba jikinsa hutu. In aka cire ukun nan, abin da ya rage dako ne, ba lada ba la'ada. Abin takaicin, da wannan dakon kyautar mafi yawan sababbin shiga ke farawa.

Kowa ya san irin wurin, domin da wuya a rasa shi a garuruwanmu, daga unguwannin Minna har Kano: wani lungu ko kango, bencin katako, bututun ƙarfe da aka cusa wa siminti gefe da gefe a robar fenti, tsofaffin ƙarafan mota da mai walda ya liƙa. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Tsoka ba ta san kuɗin ƙarfe ba, kuma akwai ƙartin da aka gina a irin kangon nan da za su kunyata 'yan gidan motsa jiki mai na'urar sanyaya ɗaki. Aibin wurin guda ne: ba wanda ya san nauyin abin da yake ɗagawa. Akwai "ƙarami", akwai "babba", akwai wanda "sai oga". Tsakanin ƙarami da babba kuwa sai ka samu kilo 15 ko 20, rami ne da ake so sabon shiga ya ƙetare da tsalle ɗaya. Ranar farko abokai sun kewaye shi, ana ta "ɗaga mana, kai ba namiji ba ne?" Sai ya kwanta a benci ya sungumi abin da bai taɓa gwadawa ba, ya yi ta yi har hannu ya ƙi. Kwana uku buta ma gagararsa take yi. Mako na biyu ba a ƙara ganinsa, ko kuma a gan shi a ƙofar maɗori.

Da ya san abin da ke faruwa a cikin jikinsa da bai yi wa kansa haka ba. A makonnin farko, ƙarfin da mutum ke jin yana ƙaruwa ba daga girman tsoka yake zuwa ba. Ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyin saƙo ke koyon aikin, yadda za su tashi zaruruwan tsoka masu yawa a lokaci guda, su kuma hana waɗanda ba a gayyata ba sa baki. Koyo ne irin na tuƙin babur, kuma ba a koyon babur da buhu uku a baya. A 1986 wasu masana sun auna matan Luo da na Kikuyu a Kenya, suka tarar suna ɗaukar kayan da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsu a ka ba tare da sun ƙone ƙarin kuzari ba, abin da ya gagari waɗanda ba su saba ba. Wato ɗaukar kaya gwaninta ce kafin ta zama ƙarfi, kuma duk wanda ya lura da takun matar Gbagyi da kaya a kafaɗa ya ga haka da idonsa. Girman tsokar da za a gani a riga sai an yi wata biyu zuwa uku. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi sun fi haka nawa, domin jinin da ke isa gare su kaɗan ne. Saboda haka tsoka kan riga su ƙarfi, mutum ya ji zai iya, ya ƙara nauyi, sai gwiwar hannu ko kafaɗa ta biya bashin.

Ginin ma ba a wurin ƙarfe ake yinsa ba. Ƙarfe umarni kawai yake bayarwa, aikin a kan tabarma ake yinsa, cikin barci da hutu. Tsokar da aka wahalar yau tana son kamar awa 48 kafin a koma mata, mutum kuma yana son barcin awa bakwai ko fiye. Wanda ya raba dare a majalisa yana latsa waya, ya tashi da asuba ya kama ƙarfe kullum ba fashi, rushewa yake yi yana zaton gini ne.

Girkawan da suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo na garin Kuroton a kudancin Italiya, wanda ya rayu a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma ci gasar Olamfik sau shida. Wai ɗan maraƙi ya riƙa saɓawa a kafaɗa kullum, maraƙi na girma yana ƙara ƙarfi, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Kowane Bafulatani zai gaya maka akwai ƙari a labarin, domin maraƙi ya fi mutum saurin girma, amma dabarar da ke ciki gaskiya ce. Wanda ya mayar da ita ilimi likitan sojan Amurka ne, Thomas DeLorme, shi kansa mai ɗaga ƙarfe. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu asibitinsu a Cikago ya cika da sojojin da ƙafafunsu suka shanye bayan rauni da tiyata, ana lallaɓa su da motsi marar nauyi ba sa gaba. Sai ya riƙa ɗora musu nauyin da za su iya ɗagawa sau goma, da ya yi musu sauƙi ya ƙara. Ya wallafa sakamakon a 1945, daga baya shi da abokin aikinsa suka daidaita tsarin a kan sau goma-goma har zagaye uku. Wannan lissafin da ake ji a bakin kowane oga na gidan ƙarfe daga gadon asibiti ya fito, don marasa ƙarfi aka yi shi.

Bari in ari kalma daga adashe. In mutum ya ɗaga sau takwas a jere ya ajiye, mu ce ya yi zubi ɗaya. Kalmar ta dace, domin kowa ya san ba a kwasa ranar zubi, kuma wanda ya zuba abin da ya fi ƙarfinsa a makon farko shi ke fara gudu daga uwar adashe.

Sabon shiga kwana uku a mako sun ishe shi, da tazarar yini a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Biyu ma sun yi: Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ban da matsakaicin motsa jiki, irin tafiya da sauri, na minti 150 zuwa 300 a mako. Kowace rana a taɓa jiki duka, da motsi huɗu ko biyar, kowanne zubi uku, kowane zubi sau shida zuwa goma, da hutun minti biyu ko uku a tsakani. Kafin nan a ɗumama jiki na minti biyar, a kuma fara kowane motsi da nauyi kaɗan. Awa ɗaya ta yi yawa ma. Uban motsin shi ne tsugunno da nauyi: mutum ya rungume jarka ko ƙarfe a ƙirji, ya sauka kamar zai zauna a kujerar tsakar gida, dugadugansa a ƙasa, ya miƙe. Mu da muka taso muna tsugunno a gaban manya da bakin murhu mun riga Bature a nan, shi sai ya yi watanni yana koya wa idon sawunsa. Sai cirar nauyi daga ƙasa, wanda shi ne ya fi amfanar manomi da ɗan dako, shi ne kuma ya fi cin bayan masu ganganci. Kayan ya kasance dab da ƙafa, a tura ƙugu baya, gadon baya a miƙe kamar allo, a cika ciki da iska a ɗaure shi, sannan a taka ƙasa a miƙe da cinya da ɗuwawu. Da baya ya fara lanƙwasa kamar na kyanwa, zubin ya ƙare, ko saura nawa ne.

Ragowar ba su da wuyar bayani. Akwai turi, ko dai na ƙirji a kan benci, ko irin wanda sojoji ke yi a kife da tafin hannu a ƙasa, ko ɗaga nauyi sama da ka a tsaye. Akwai ja, ko mutum ya rataya a reshen mangwaro ya ja jikinsa sama, ko ya sunkuya ya jawo nauyi zuwa cikinsa. Sai ɗaukar nauyi a hannu biyu a yi tafiya da shi taku talatin ko arba'in, abin da Turawa ke biyan kuɗi su yi a gidajen motsa jiki suna kiransa tafiyar manomi. Ɗan garuwa da ya ji haka sai ya riƙe baki.

Na san abin da samari za su ce: ina damtse? Damtse na samun rabonsa a cikin ja, ƙirji a cikin turi. Amma da yake su ake gani a riga da hoton Facebook, sai ka ga yaro ya shekara ba abin da yake yi sai su, sama kamar buhun gero, ƙasa kamar sillen kara. A tambayi ɗan dambe ko ɗan kokawa daga ina naushi da kaye ke tasowa, zai nuna ƙugu da cinya.

Wane nauyi za a fara da shi? Wanda in ka ɗaga sau takwas kana jin da saura biyu ko uku a jikinka. Abokai za su ce wasa kake yi. Ƙyale su. In ka cika zubi uku tsaf ba tangal-tangal, zuwa na gaba ka ƙara kilo ɗaya ko biyu a motsin hannu, biyu zuwa biyar a na ƙafa. Wanda ya fara tsugunno da kilo 20 yana ƙara biyu da rabi a kowane mako, a wata shida ya haura kilo 80, nauyin da in ya gwada ranar farko sai dai a kwashe shi. Wata rana ƙarin zai tsaya, domin kai ba Milo ba ne. In nauyi ɗaya ya gagare ka zuwa biyu ko uku a jere, rage kashi ɗaya cikin goma ka sake hawa, ka kuma binciki barcinka da tukunyarka.

Duk wannan lissafin ba ya yiwuwa in ba a san nauyin kaya ba, shi ya sa na ce a fara neman sikeli. Ba sai an saya ba. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe da kilo suna da na ratayawa, a kai musu kowane dunƙule su auna, a rubuta lambar da fenti a jikinsa. A nan ne za a gano gefen dama ya fi na hagu da kilo biyu, an shekara ana karkata kafaɗa ba a sani ba. Mai zuba sabon dunƙulen siminti ya riƙe cewa lita ɗaya ta kankare tana kusan kilo biyu da rabi, don haka robar fenti mai lita huɗu za ta ba shi kusan kilo goma. Ruwa ya fi komai gaskiya: lita ɗaya kilo ɗaya, jarka mai lita 25 kilo 25 ce in ta cika, kuma ana iya ƙara mata kofi-kofi. Ledar fiya wata mai santilita 50 rabin kilo ce, jaka mai ƙulli ashirin kilo goma. A ɗaura leda biyu a kowane gefen bututu, an ƙara kilo biyu ke nan, daidai abin da sabon shiga ke buƙata, wanda kuma siminti ba zai taɓa ba shi ba. Sai littafi mai falle arba'in da biro: kwanan wata, motsi, nauyi, sau nawa. Ƙwaƙwalwa tana yi wa mai ita ƙarya, ta ce jiya ya fi haka, takarda ba ta yi.

Masu yin abin a matsayin gasa sun fi kowa sanin darajar awo. A Sidni a shekarar 2000, karon farko da aka bar mata suka ɗaga ƙarfe a Olamfik, mata uku a ajin kilo 75 suka tashi da jimilla ɗaya, kilo 245 kowacce. Sai aka koma ga nauyin jikinsu: María Isabel Urrutia ta Kolombiya, da ta fi rashin nauyi, ta ɗauki zinare, Ruth Ogbeifo ta Najeriya ta ɗauki azurfa. Sikelin da aka hau kafin gasa shi ya raba gardama. Irin ɗagawarsu, ta fizgar ƙarfe daga ƙasa zuwa sama da ka, sana'a ce mai son malami da ƙarfe mai juyawa, ba abin da za a kwaikwaya daga waya da bututun siminti ba ne.

Ciwo iri-iri ne, kuma rabe su rabin tsira ne. Tsamin jiki da ke zuwa washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ya lafa kafin na huɗu ko na biyar, ba komai ba ne, kuma yana raguwa da jiki ya saba. Ba shi ne shaidar an yi aiki ba, kamar yadda ake faɗa. Suka mai kaifi a cikin gaɓa, ko ciwon baya mai saukowa ƙafa da dindiris, wannan tsayawa ake yi. Kumburin da ke fitowa a matsematsi ko mara in an yi nishi, ya koma in an kwanta, gwaiwa ce ke sallama, maganinta asibiti, ɗamara ba ta mayar da ita. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ba a cika sani ba: in an azabtar da tsokar da ba ta saba ba, musamman cikin zafi da ƙishi, takan farfashe ta zuba cikin jini ta toshe ƙoda. Alamarsa kumburi da ciwo fiye da ƙima, da fitsari mai launin baƙin shayi. Wanda ya ga haka kada ya kwana a gida. Haɗarin ya fi kusa da masu jinin AS, kuma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu haka yake. Ba a hana su motsa jiki ba, an dai hana su gasar "wa zai fi daɗewa" a zafin ranar Maris. Mai sikila, da mai ciwon zuciya, da wanda ya haura arba'in bai taɓa auna jininsa ba, su fara biyawa ta asibiti ko da na sha-ka-tafi ne, domin riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana cilla hawan jini sama na ɗan lokaci. Kuma kada kowa ya kwanta a benci da ƙarfe a saman wuyansa ba mai tsaya masa a ka. Faifan ƙarfe ana iya karkata shi ya zame, siminti kuwa a manne yake. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Sai tukunya. A ƙasar doya muke, kuma sakwara mai ce mai kyau ga mai aiki, amma ba tubali ba ce: giram ɗari na doya bai wuce giram biyu na furotin ba, sinadarin da ake gina tsoka da shi. Binciken da aka tattara ya nuna mai ɗaga ƙarfe yana cin moriyar furotin har zuwa wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na jikinsa a yini, bayan nan ƙarin ba ya ƙara komai sosai. Mai kilo 65 wajen giram ɗari ke nan. Ƙwai ɗaya giram shida ne. Busasshen wake giram ɗari yana da sama da ashirin, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura talatin. Wato ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, awara da la'asar, kindirmo, ƙuli-ƙulin da Bida ta yi suna a kansa, kifin da ake kamawa a tafkin Shiroro, duk waɗannan tubala ne, kuma babu wanda sai an je babban kanti. Garin da ake sayarwa a manyan robobi da tsadar tsiya mafi yawansa daga ruwan da ke saura in an yi cuku ake busar da shi. Ba haramun ba ne, ba kuma sihiri ba ne, kuɗinsa dai zai sayi kiret-kiret na ƙwai.

Inda nake so in ɗaga murya shi ne maganar ƙwaya. Yaro ya yi wata ɗaya bai ga ƙirji ya fito ba, sai wani ya raɗa masa a je kemis. Abin da aka fi miƙa masa, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa haɗin maganin buɗe ciki ne da deksametason. Shi deksametason kumbura fuska yake yi, ya tara ruwa da kitse a ciki, yana kuma narkar da tsokar cinya da kafaɗa, ya raunana ƙashi, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Wato mutum ya biya kuɗi a rushe masa abin da yake ginawa. Wanda ya daɗe yana sha ma kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai janye masa a hankali. Allurar gina tsoka ta gaske kuwa tana ginawa, ba a musu, amma tana karɓar kuɗinta a wajen da namiji ba ya so: 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito, hanta da zuciya su jigata. Sai tiramadol, abokin masu aikin ƙarfi, wanda ba ya ƙara ƙarfi ko na kilo ɗaya, kashe ɗan aiken da ke kawo labarin rauni kawai yake yi, ga jaraba ga farfaɗiya. Tun daga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Asirin masu ƙwaya a gasa kuwa tonuwa yake: Mariam Usman ta Najeriya ta biyar ta zo a ɗaga ƙarfe a Olamfik ɗin Beijin a 2008. Bayan shekara takwas aka sake gwada samfurin da aka adana, aka kama biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta da ƙwaya, tagulla ta dawo hannunta.

Akwai camfe-camfe biyu da ke hana mutane farawa. Na farko wai ƙarfe na hana yaro tsawo. Binciken da aka yi a kan yaran da ake horarwa da nauyi daidai su, da babba a kansu, bai nuna haka ba. Abin da ke raunata yaro shi ne nauyin ganganci ba mai kula. Na biyu wai mace za ta koma namiji. Sinadarin da ke kumbura tsokar namiji kaɗan ne a jikinta, abin da za ta samu shi ne ƙarfin baya da ƙwarin ƙashi, wanda za ta gode wa bayan haihuwa da kuma bayan ɗaukewar al'ada. Ba sai ta je kangon samari ba, jarka da tsakar gida sun isa. Kuma a tuna, a Faris a 2024 tawagar Najeriya ta Olamfik hannu rabbana ta dawo, zinare biyun da ƙasar ta samu a gasar masu buƙata ta musamman mata ne suka ɗago su a kan benci, Onyinyechi Mark da Folashade Oluwafemiayo, wadda ta tura kilo 167.

Shi kansa dattijon da ya yi dariya a farko ya fi jikansa buƙatar abin. Daga shekara talatin tsoka kan fara raguwa a hankali, bayan sittin ta ƙara sauri, kuma cinya ce ke fara tafiya. A duba sahun gaba a masallaci, a ƙirga kujeru. Wasu ciwon gwiwa ne, amma da yawa ƙarfin tashi daga sujada ne ya ƙare. A 1990 aka wallafa wani gwaji da aka yi a gidan tsofaffi a Boston, a kan mutum goma masu shekara casa'in ko kusa da haka. Mako takwas ana sa su ɗaga nauyi da ƙafa, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Ga tsohon Gwada farawar ba ta wuce ya zauna a kujera ya miƙe sau takwas ba tare da dafa gwiwa ba, zubi biyu, in ya yi sauƙi ya rungumi galan ɗin ruwa.

Saura daidaita abin da shekarar garin. A watannin Maris da Afrilu, da zafin yankin Minna ke kai intaha, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ake kama ƙarfe, da ruwa a kusa. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki, in ciki ya sauka, ko bayan asham, a rage zubi a bar nauyin yadda yake. In lokacin huɗa da shuka ya zo kuwa, garma ta karɓi rabonta na jiki, kuma wanda ya ce zai haɗa ta da kwana uku na ƙarfe ya koma dakon da muka fara da shi. An gwada an gani cewa zuwa ɗaya a mako yana riƙe ƙarfin da aka tara na tsawon watanni, muddin ba a rage nauyin ba. Saboda haka manomi ya zaɓi ranar da ba ya zuwa gona, ya yi zubi ɗaya ko biyu na kowane motsi, ya bar cirar ƙasa in bayansa ya sha huɗa. In ma aikin ya hana shi ɗungurungum, ya jingine bututun inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ranar da aka kai doya kasuwa ya buɗe littafinsa, ya duba lambar ƙarshe, ya rage kashi biyu cikin goma, ya ɗora daga nan.